Me zan karanta don in fahimci zuba jari ta hanyar indes da ta fakta?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya, ga kuma taƙaitawarta: ya yi shekara biyu yana sayen hannayen jarin kamfanoni ɗai-ɗai bisa shawarar abokai, wani lokaci ya ci riba, wani lokaci ya tafka asara, kuma kwanan nan ya fara jin ana maganar asusun da ke bin ma'aunin kasuwa, wato indes, da wata hanya kuma da ake kira zuba jari bisa fakta. Yana karanta Turanci ba laifi, amma lissafinsa bai wuce na sakandare ba. Yana so ya san abin da ya kamata ya karanta, da wanda zai fara da shi.

Malam, tambayarka ta yi kyau, kuma tun da farko zan gaya maka cewa a wannan fanni jerin karatu ya fi yawansa muhimmanci. Na ga mutane da dama da suka fara daga littattafan fakta, suka haddace sunayen malaman jami'o'in Amurka, alhali ba su san nawa asusun da suka zuba kuɗinsu ke cira a kowace shekara ba. Saboda haka zan bi da kai hanyar yadda nake ganin ya dace a bi ta, kuma a wasu wurare zan tsaya in faɗa maka inda ya kamata ka yi taka-tsantsan da marubucin da nake tura ka gare shi.

Indes lissafi ne da ke nuna yadda tarin hannayen jari ke tashi da sauka gaba ɗaya. Mafi shahara shi ne S&P 500, wanda tun 1957 yake ɗauke da manyan kamfanonin Amurka kimanin 500, kowanne da nauyi gwargwadon darajarsa a kasuwa. Asusun indes kuwa ba ya zaɓen kamfani, sayen duk abin da ke cikin ma'aunin yake yi bisa wannan nauyi, don haka ba ya buƙatar rundunar masu nazari, kuɗin gudanarwarsa kuma kaɗan ne ƙwarai. Abu na farko da zan sa ka karanta a kan wannan ba littafi ba ne ma, wata gajeriyar maƙala ce ta William Sharpe mai suna The Arithmetic of Active Management, wadda ta fito a 1991, shekara guda bayan ya karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki. Ba ta fi shafi uku ba, babu lissafi mai wuya a cikinta, kuma ana samunta kyauta a shafinsa na Jami'ar Stanford. Hujjarsa ita ce: idan aka haɗa dukkan masu hannun jari, su ne kasuwar, masu bin indes suna samun abin da kasuwa ta bayar, saboda haka dole ne sauran, wato masu zaɓe da tsinke, su ma idan aka haɗa su wuri guda su sami abin da kasuwa ta bayar kafin a cire kuɗin aiki. To da yake kuɗin aikinsu ya fi yawa, dole ne bayan an cire shi su koma baya. Duk wanda ya ci kasuwa, akwai wani da kasuwar ta ci daidai gwargwado. Ka karanta ta sau biyu, domin duk abin da zai biyo baya a kanta aka gina shi.

Don ka ga nauyin wannan magana, ɗauki biro ka yi wannan lissafi da kanka. A ce mutum biyu kowanne ya zuba dala 10,000, kasuwa kuma tana ba da kashi 7 cikin 100 a shekara har shekara 30. Na farko asusunsa na cirar kashi 0.1 cikin 100, na biyu kuma kashi 1.5. Na farko zai tashi da kimanin dala 74,000, na biyu kuwa ba zai kai dala 50,000 ba. Kusan kashi ɗaya bisa uku na dukiyar ya kuɓuce wa na biyun saboda kuɗin masu gudanarwa, ba tare da an taɓa aiko masa da takardar biya ya sa hannu ba, domin daga cikin asusun ake zare kuɗin kaɗan-kaɗan.

Daga nan sai John Bogle, wanda ya kafa kamfanin Vanguard a 1975, ya kuma buɗe asusun indes na farko ga talakawan masu zuba jari a 1976. An yi tsammanin tara dala miliyan 150 a lokacin buɗewa, amma abin da aka samu bai wuce miliyan 11 da 'yan kai ba, har 'yan kasuwa suka riƙa yi masa ba'a suna kiran asusun wautar Bogle. Littafinsa The Little Book of Common Sense Investing, na 2007, shi ya fi dacewa da mai farawa. Yana maimaita magana ƙwarai, kamar dattijon da ya gaji da faɗa wa yara abu ɗaya, amma maimaitawar tana da amfani. Idan ka gama shi, sai ka ɗauki A Random Walk Down Wall Street na Burton Malkiel, malami a Jami'ar Princeton, wanda ya fara fitowa a 1973 kuma ake ta sabunta shi har yau. Shi ya fi faɗi: yana ba da tarihin lokutan da farashi ya kumbura ya fashe, yana bayanin masu duba zane-zanen farashi da masu duba littattafan kamfani, yana kuma nuna dalilin da ya sa duka biyun ba su cika cin nasara a dogon lokaci ba. Ka nemi bugu na baya-bayan nan. Idan lokaci ya yi maka ƙaranci, akwai ɗan ƙaramin littafin William Bernstein mai suna If You Can, na 2014, wanda ya saka kyauta a intanet, ana iya gama shi a zama ɗaya.

Kada ka yarda da waɗannan marubuta don sunansu kawai. Kamfanin S&P Dow Jones Indices yana fitar da rahoto mai suna SPIVA tun 2002, yana gwada asusun masu zaɓen kamfanoni da ma'aunin da ya dace da su, kuma yana lissafawa har da asusun da suka mutu aka rufe su a hanya, abin da masu talla ke son mantawa da shi. A shekarun baya-bayan nan, idan aka duba tsawon shekara 15, kusan tara cikin goma na asusun manyan kamfanonin Amurka suna bayan S&P 500. Rahoton kyauta ne, akwai na Turai, da na Indiya, da na Afirka ta Kudu. Ka tuna dai cewa mai fitar da shi yana cin abinci ne da sayar da lasisin indes, don haka ka duba teburan da kanka, kada ka tsaya ga taƙaitawar shafin farko.

Akwai wani giɓi a littattafan Bogle da Malkiel da ya kamata ka cike kafin ka wuce gaba: kusan duk hujjojinsu daga Amurka suke, ita kuwa Amurka ita ce kasuwar da ta fi yawancin kasuwanni sa'a a ƙarni na 20. Maganin wannan shi ne aikin Elroy Dimson da Paul Marsh da Mike Staunton, waɗanda suka tattara bayanan ƙasashe da dama tun daga 1900 a littafinsu Triumph of the Optimists na 2002, suka kuma ci gaba da sabunta shi a rahoton shekara-shekara da bankin Credit Suisse ya daɗe yana fitarwa, yanzu kuma UBS ke fitarwa. Taƙaitaccen bugun rahoton kyauta ne. A nan za ka ga cewa masu hannun jari a Rasha sun rasa komai bayan 1917, haka ma na China bayan 1949. Ka ƙara da labarin Japan, inda ma'aunin Nikkei ya kai 38,915 a ƙarshen Disambar 1989, bai sake taka wannan matsayi ba sai a Fabrairun 2024. Bin indes yana kare ka daga tsadar masu gudanarwa da kuskuren zaɓen kamfani, amma ba ya kare ka daga faɗuwar kasuwar kanta; a 2008 S&P 500 ya yi asarar kimanin kashi 37 cikin 100, duk mai bin sa kuma ya sha wannan asara cif-cif.

A gaskiya, ga mafi yawan mutane karatun zai iya tsayawa a nan ba tare da sun yi asarar komai ba. Amma tun da ka tambayi fakta, bari mu shiga, kuma a nan zan fi daɗewa domin a nan ne ruɗu ya fi yawa.

Fakta wata siffa ce da tarin kamfanoni suka yi tarayya a cikinta, wadda bincike ya nuna tana da alaƙa da ribar da hannayen jarinsu ke bayarwa a dogon lokaci. A shekarun 1960 ra'ayin da ya mamaye jami'o'i shi ne siffa ɗaya ce kawai ke da tasiri, wato yadda hannun jari ke rawa tare da kasuwa. Sai Rolf Banz ya nuna a 1981 cewa ƙananan kamfanoni sun fi manya ba da riba a tarihi. Eugene Fama da Kenneth French suka zo a 1992 da 1993 suka haɗa ƙanƙanta da araha, wato kamfanonin da farashinsu ke ƙasa idan aka gwada shi da dukiyar da ke rubuce a littattafansu, suka ɗora su a kan waccan siffa ta rawa tare da kasuwa, suka kafa tsarin fakta uku. A 1993 ɗin dai Narasimhan Jegadeesh da Sheridan Titman suka nuna cewa hannun jarin da ya fi sauran tashi a watanni 3 zuwa 12 da suka wuce yakan ci gaba da tashi na ɗan lokaci, abin da za mu iya kira ɗorewar tafiya. Robert Novy-Marx ya kawo ƙarfin ribar kamfani a 2013, Fama da French kuma suka faɗaɗa tsarinsu zuwa fakta biyar a 2015.

Littafin da ya fi sauƙin shiga a nan shi ne Your Complete Guide to Factor-Based Investing na Larry Swedroe da Andrew Berkin, na 2016. Abin da ya fi daraja a cikinsa shi ne sharuɗɗa biyar da suka gindaya kafin a yarda da kowace fakta: ta daɗe tana aiki a zamani daban-daban, ta bayyana a ƙasashe da kasuwanni daban-daban, kada ta ɓace idan an ɗan canza yadda ake auna ta, a iya aiwatar da ita bayan an cire kuɗin saye da sayarwa, sannan a sami dalilin da hankali zai kama na wanzuwarta. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne zuciyar muhawarar. Wasu masana, Fama a gabansu, suna cewa banza ba ta kai zomo kasuwa: kamfani mai araha yakan kasance cikin matsala ne, ƙarin ribar kuma ladan ɗaukar haɗari ce, don haka za ta ɗore amma za ta riƙa cizo a lokacin da ya fi zafi. Wasu kuma, kamar Josef Lakonishok da Andrei Shleifer da Robert Vishny a maƙalarsu ta 1994, suna cewa halin ɗan Adam ne, mutane suna ruɗuwa da kamfanin da ke tashe suna ƙyamar wanda ya dusashe. Idan na biyun ne gaskiya, to ribar tana iya raguwa da zarar kowa ya gane ta. Ba a warware wannan saɓani ba, har ma a 2013 aka raba kyautar Nobel tsakanin Fama da Robert Shiller, waɗanda ke kan gaɓa daban-daban game da ingancin kasuwa, tare da Lars Peter Hansen.

Idan ka ji kana son abin da ya fi zurfi, akwai Asset Management na Andrew Ang, na 2014, wanda ya kwatanta fakta da sinadaran abinci: ba sunan abincin ke gina jiki ba, abin da ke cikinsa ne. Ang yana cikin masana uku da suka yi wa gwamnatin Norway nazarin asusun man feturinta a 2009, bayan asarar da asusun ya yi a rikicin 2008, suka gano cewa mafi yawan abin da ake ɗauka gwanintar masu gudanarwa ce, jingina ce kawai ga wasu faktoci sanannu. Akwai kuma Expected Returns na Antti Ilmanen, na 2011, amma wannan kundi ne mai nauyi, na dubawa ne a lokacin buƙata. Kada ka fara da ɗayansu.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne kada ka karanta masu yabon fakta su kaɗai. A 2011 John Cochrane ya kira abin da ke faruwa gidan namun dajin faktoci, saboda yawan waɗanda ake ta ƙirƙirowa. Campbell Harvey da Yan Liu da Heqing Zhu sun ƙirga 316 a maƙalarsu ta 2016, suka nuna cewa idan dubban masu bincike suna tona bayanai iri ɗaya, dole ne wasu su tsinci abin da ya yi kama da gaskiya alhali sa'a ce kawai. A shekarar dai David McLean da Jeffrey Pontiff suka bi sawun siffofi 97 da aka wallafa, suka ga ribarsu ta ragu da kimanin kashi 58 cikin 100 bayan an wallafa su. Waɗannan maƙalu suna da lissafi mai wuya a tsakiya, amma gabatarwa da kammalawarsu Turanci ne da za ka iya bi, kuma ana samun daftarinsu kyauta a rumbun SSRN.

Sannan ka taɓa bayanan da hannunka, domin gani ya kori ji. Kenneth French yana da rumbun bayanai kyauta a shafinsa na Kwalejin Dartmouth. Ka sauke fayil ɗin fakta uku na wata-wata, ka buɗe shi da Excel. Za ka ga layin farko ya fara da 192607, wato Yulin 1926, sai ginshiƙai huɗu: ribar kasuwa bayan an cire ta takardun bashin gwamnati, sai SMB na ƙanƙanta, sai HML na araha, sai ribar takardun bashin kanta. Ka zaɓi ginshiƙin HML daga 2007 zuwa 2020 ka tara shi, ka ga yadda fakta mafi shahara ta yi fiye da shekara goma sha uku tana zubar da jini, kafin ta farfaɗo a 2021 da 2022. Ka sauke fayil ɗin ɗorewar tafiya kuma ka duba Afrilun 2009, inda ta faɗi fiye da kashi 30 cikin 100 a wata guda. Ni kaina na zuba wani kaso na ajiyata a asusun kamfanoni masu araha wajajen 2016, bayan na gamsu da teburan tarihi, na kuma yi shekara huɗu ina kallon wanda ya sayi indes kawai ya kwanta barci yana wuce ni. Na san alƙaluman tun kafin in shiga, amma sanin abu a takarda daban yake da buɗe asusunka duk wata ka tarar kana baya. Ka kuma lura cewa waɗannan ginshiƙai ribar takarda ce: an ɗauka an sayi rukunin kamfanonin da ke da siffar, an kuma aro hannayen jarin rukunin da ba shi da ita an sayar, babu la'ada, babu haraji. Asusun da za ka iya saya a zahiri ba ya kama sai wani yanki na wannan.

Game da sauraro da kallo, darasin Financial Markets na Robert Shiller a Jami'ar Yale yana nan kyauta a YouTube, akwai shi ma a Coursera, kuma ya dace da matakinka. Shirin Rational Reminder, wanda wasu masu ba da shawarar kuɗi a Kanada suka fara a 2018, yana gayyato masu binciken da kansu, har da Fama da French, su yi bayani da baki. Kamfanonin AQR da Dimensional da Research Affiliates da MSCI suna wallafa rubuce-rubuce masu inganci kyauta, amma dukkansu suna sayar da hajar fakta, saboda haka ka karanta su kamar yadda kake sauraron dillali mai ilimi: ka amfana da saninsa, kada ka manta la'adarsa.

Saura abin da littattafan nan ba za su faɗa maka ba, domin ba don mu aka rubuta su ba. Idan daga Najeriya kake, kasuwar hannayen jari ta ƙasar, wato NGX, tana da asusun indes da ake ciniki a kanta, kamar masu bin NGX 30, amma kamfanonin da ke kasuwar gaba ɗaya ba su kai 200 ba, 'yan ƙalilan irin su Dangote Cement da MTN Nigeria da Airtel Africa da kamfanonin BUA sun ɗauke kaso mai yawa na nauyin, cinikin asusun kuma yakan yi ƙaranci har farashin saye da na sayarwa su yi nisa da juna. Binciken fakta da aka yi a kan dubban kamfanonin Amurka ba za a ɗora shi kan irin wannan kasuwa kai tsaye ba. Kowace riba ta naira kuma sai ka auna ta da hauhawar farashi da darajar dala kafin ka kira ta riba. Idan asusun Amurka za ka saya ta manhaja, ka sani ana cire harajin kashi 30 cikin 100 daga rabon riba ga mazauna ƙasashen da ba su da yarjejeniyar haraji da Amurka, Najeriya kuma tana cikinsu, sannan akwai harajin gado kan dukiyar baƙo da ta haura dala 60,000. Wannan ne ya sa masu zuba jari da yawa daga wajen Amurka ke neman asusun da aka yi wa rajista a Ireland, inda abin da ake cirewa a matakin asusu kashi 15 ne.

Batun halacci kuwa yana da nasa karatun. Indes na gama-gari yana ɗauke da bankunan ruwa da kamfanonin giya da caca, don haka aka samar da ma'aunai na Musulunci, irin su Dow Jones Islamic Market da aka fara a 1999, da NGX Lotus Islamic a Najeriya, wanda asusun Lotus Halal Equity ETF ke bi. Abin karantawa a nan shi ne ƙa'ida ta 21 ta hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Ƙa'idar ta iyakance bashin ruwa na kamfani a kashi 30 cikin 100 na darajarsa a kasuwa, kuɗin shiga marar tsarki kuma a kashi 5, tare da wajabcin fitar da wannan kason a yi sadaka da shi. Ma'aunai daban-daban suna da iyakoki da suka ɗan saɓa, don haka ka sauke takardar tsarin kowane ma'auni ka karanta, ka kuma kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki. Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne wannan tacewa ita kanta jingina ce ga fakta: idan aka cire bankuna da kamfanoni masu bashi da yawa, abin da ya rage yakan karkata ga kamfanonin fasaha da na magunguna masu ƙarfin riba da tsadar farashi, ya kuma yi nesa da araha. Sayar da hannun jarin aro, wanda rabin lissafin faktoci ya dogara a kansa, ƙa'idar AAOIFI ba ta yarda da shi ba. Don haka idan ka sayi asusun Musulunci na duniya, ka buɗe takardar bayaninsa ta wata-wata, ka duba kuɗin gudanarwa, da yawan kamfanonin da ke ciki, da kason da manyan goma suka ɗauka, da tazarar da ke tsakanin ribarsa da ta ma'aunin da yake bi a shekara uku ko biyar da suka wuce.